Wanda Zai Rubuta wa Alƙali Rahoto, a Fara Duba Abin da Ya Rubuta a Kansa

A Ingila da Wales akwai wani aikin gwamnati da ake neman ma'aikatansa ruwa a jallo a 'yan shekarun nan, wato aikin jami'in da ke sa ido kan masu laifi da ke zaune cikin jama'a. Waɗannan masu laifi iri biyu ne: waɗanda kotu ta yanke wa ɗaurin je-ka-gyara-halinka ko hukuncin yi wa al'umma hidima, da waɗanda aka sako daga gidan yari bisa sharaɗi. Yawansu, haɗe da fursunonin da ake shirin saki, ya kai kimanin 240,000, kusan ninki uku ke nan na fursunonin da ke tsare, waɗanda suka haura 88,000 a 2024. Da gidajen yari suka cika maƙil, sai gwamnati ta fara sakin wasu fursunoni a watan Satumba na shekarar bayan sun yi kashi 40 cikin ɗari na wa'adinsu maimakon rabi, ta kuma yi alkawarin ɗaukar masu koyon aikin sa ido 1,000 kafin ƙarshen Maris 2025, da ƙarin 1,300 a shekarar da ta biyo baya. Duk da wannan ƙishirwa ta ma'aikata, mai neman aikin sai ya bi ta kan fom da gwaje-gwajen da mutane da yawa ke kuka da tsaurinsu. Ni kuwa a ganina tsaurin yana kan hanya, domin abin da fom ɗin ke nema daga mutum shi ne ainihin abin da aikin zai nema daga gare shi kowace rana: ya faɗi abin da ya faru daidai yadda ya faru, a taƙaice, da hujja, ko da gaskiyar ba ta yi masa daɗi ba.

Shirin horon, wanda ake kira PQiP, yana ƙarƙashin hukumar gidajen yari da sa ido ta Ma'aikatar Shari'a. Mai koyo yana karɓar albashi tun ranar da ya fara, yana haɗa aiki da karatun jami'a na wata 15 ko 21 ko 27 gwargwadon takardun da ya zo da su, ya kuma fita da shaidar da ta kai matakin digiri. Hanyar tantancewa kuwa ta bi tsarin da aikin gwamnatin Birtaniya ya ɗauka tun 2018, wanda ke auna mai nema ta fuskoki biyar: ɗabi'unsa a wurin aiki, abin da ya fi ƙwarewa a kai, basirarsa, gogewarsa, da ilimin sana'ar. A ɓangaren ɗabi'u ba a tambayar mutum ko yana da haƙuri ko ya iya yanke shawara, domin babu wanda zai ce a'a. Ana ce masa ne ya kawo misalin lokacin da ya yanke shawara mai wuya, ko ya shawo kan wanda ba ya son saurare, galibi cikin kalmomin da ba su wuce 250 ba. Shawarar da ake ba masu nema ita ce su jera amsar a mataki huɗu: halin da aka shiga, nauyin da ya hau kansu, abin da suka yi da kansu, da abin da ya biyo baya. Wanda ya tsallake wannan mataki zai fuskanci ganawa da masu tantancewa, da gwajin rubutu, da wasan kwaikwayo inda za a zaunar da shi gaban wani da ke taka rawar mai laifi.

Kafin a ce wannan wahalar da mutane ce kawai, ya kamata a duba abin da jami'in ke yi in ya kama aiki. Asalin sana'ar tsayawa mutum ne a gaban alƙali. A 1841 wani mai ɗinkin takalma a Boston ta Amurka, John Augustus, ya roƙi kotu ta damƙa masa wani mashayi maimakon ta ɗaure shi, ya kuma dawo da shi bayan 'yan makonni ya ba da shaidar cewa ya gyaru. A Ingila, kyautar sule biyar da wani ma'aikacin ɗab'i, Frederic Rainer, ya ba wata ƙungiyar cocin Ingila mai yaƙi da shan giya a 1876 ita ta haifar da masu wa'azin da ke zama a kotunan Landan suna karɓar masu ƙananan laifuffuka, kafin dokar 1907 ta mayar da abin aikin hukuma, ta ɗora wa jami'in nauyin ba mai laifi shawara da taimako da zama abokinsa. Tun daga wancan lokaci jarin jami'in guda ɗaya ne, wato alƙali ya yarda da maganarsa. Yau wannan magana a rubuce take. Shi ke rubuta rahoton da kotu ke karantawa kafin yanke hukunci, shi ke auna ko mutum haɗari ne babba ko matsakaici ko ƙarami ga matarsa da 'ya'yansa da jama'a, shi ke rubuta wa hukumar sakin fursunoni ra'ayinsa, shi ne kuma ke cika takardar mayar da mutum gidan yari in ya karya sharaɗi. Alƙalin da ke da shari'o'i jibge a gabansa ba zai je unguwar mai laifi ya bincika ba. Abin da ke kan takardar shi zai bi.

Abin da ke faruwa in takardar ta kauce wa gaskiya ba sai an yi hasashe ba. A watan Janairu na 2023 babban sufeton aikin sa ido na lokacin, Justin Russell, ya fitar da rahotanni biyu da suka girgiza ƙasar. Na farko a kan kisan da aka yi a ƙauyen Killamarsh a Satumba 2021, inda wani mutum da ke kan ɗaurin je-ka-gyara-halinka saboda laifin cinna wuta ya kashe matar da yake zaune da ita tana da juna biyu, da 'ya'yanta biyu, da ƙawar 'yarta. Binciken ya gano cewa rahoton da aka kai kotu ya ɗauki labarin da mutumin ya bayar a kan kansa ba tare da an tantance ba, ya sa shi a sahun matsakaicin haɗari, ya kuma amince a killace shi a gidan matar ba tare da an yi binciken da ya kamata kan cin zarafin iyali da lafiyar yara ba. Saboda wannan ma'auni na kuskure, sai aka miƙa shi ga ma'aikatan da ba su da gogewar riƙe irinsa. Rahoto na biyu a kan wata matashiya ce mai shirin zama lauya da aka kashe a Ilford ta gabashin Landan a Yuni 2022, kwana tara bayan an sako wanda ya kashe ta. Shi ma an auna shi a matsakaicin haɗari alhali tarihinsa na nuna babba, bayanai ba su gudana yadda ya kamata tsakanin gidan yari da jami'an waje ba, aka kuma yi jinkirin mayar da shi bayan ya ƙi zuwa ganawar da aka sa masa. A duka biyun, ɓarnar ta faro ne daga abin da aka rubuta da abin da aka bari ba a rubuta ba.

Idan haka ne, to mai cika fom ya san abin da ake dubawa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne amsa da kalmomi masu daɗin ji marasa nauyi, irin su cewa mutum mai tausayi ne, mai son taimakon al'umma, mai aiki da kowa. Mai tantancewa ba shi da makin da zai ba wannan, kamar yadda alƙali ba shi da abin da zai yi da rahoton da ya ce wane mutumin kirki ne ba tare da an faɗi abin da ya aikata ba. Kuskure na biyu shi ne ɓuya a bayan jam'i, a yi ta cewa mun yi, mun tsara, mun shawo kan matsalar, har a kai ƙarshen amsa ba a san abin da mai rubutun ya taɓa da hannunsa ba. A nan Bahaushe da ke neman irin wannan aiki a can zai iya jin nauyi, domin an raine shi a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma mai kunya ba ya cewa ni na yi. Amma fom ɗin ba yabo yake nema ba, shaida yake nema, kuma ko a gaban alƙalin shari'a a Kano ko Zinder, mai shaida da bakinsa yake cewa na gani, na ji, na yi. Wanda ya rubuta cewa yana aiki a kantin sayar da kaya, wani abokin ciniki ya fusata har ya fara barazana, ya janye shi gefe, ya saurare shi, ya ƙi ba shi abin da doka ta hana, ya kuma sanar da shugabansa a rubuce, ya fi wanda ya cika fili da kirarin kansa. Ƙaramin misali na gaskiya yana jure tambaya a ranar ganawa, babban da aka ƙawata kuwa a tambaya ta biyu yake rushewa.

Haka abin yake a sashen da ake tambayar mutum laifuffukan da aka taɓa kama shi da su. Dokar Birtaniya ta 1974 ta ba wanda ya yi laifi damar daina ambatonsa ga masu ɗaukar aiki bayan wani lokaci ya wuce, amma aikin sa ido yana cikin ayyukan da aka keɓe daga wannan sassauci, kuma ana binciken tarihin duk wanda za a ɗauka. Tsohon laifi ba lallai ne ya rufe wa mutum ƙofa ba, domin ana duba kowane lamari da yanayinsa, kuma sana'ar da ta ginu a kan cewa mutum na iya gyaruwa ba za ta ƙaryata kanta a wurin ɗaukar ma'aikata ba. Ɓoyewa ita ce ke kashe magana. Dalilin a fili yake: jami'in zai shafe shekaru yana zaunar da mutane yana neman su faɗa masa inda suka kwana, da wa suke hulɗa, ko sun koma shan ƙwaya. Wanda ya shiga aikin ta hanyar rufe nasa tarihin ba shi da bakin wannan tambaya, kuma ya bar wa duk mai laifin da ya gano sirrin igiyar da zai ja shi da ita.

Masu suka suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko ita ce fom irin wannan yana fifita masu alƙalami a kan masu zuciya. Akwai mutanen da suka yi shekaru suna aiki da matasa a unguwanni masu wuya, ko a masallatai da coci-coci, ko a gidajen marasa galihu, waɗanda za su iya kwantar da hankalin mai laifi cikin minti biyar amma su kasa tsara kalmomi 250, alhali ɗan jami'ar da bai taɓa zama da mai shan ƙwaya ba zai rubuta amsa sumul. Wannan gaskiya ne, kuma asara ce a duk lokacin da ta faru. Sai dai maganin shi ne a koya wa irin waɗannan mutane tsara bayani, a buɗe musu hanya, kamar yadda aka yi da aka ƙara tsarin wata 27 domin waɗanda ba su da digiri. Cire gwajin rubutu ba zai taimake su ba, domin rubutun na jiransu a ofis tun makon farko. Jami'in da ya fahimci cewa wani mutum haɗari ne ga matarsa amma ya kasa sa wannan fahimta a takarda yadda ɗan sanda da ma'aikacin jin daɗin yara da alƙali za su gane, fahimtarsa ba ta ceci kowa ba. Tausayi da iya bayani ba kishiyoyi ba ne a wannan aiki, kuma tsarin da ya haɗa fom da wasan kwaikwayo da ganawa yana ƙoƙarin auna duka biyun.

Akwai kuma tambayar da masu suka ba su cika amsawa ba: idan an ajiye fom ɗin, me za a sa a gurbinsa? Abin da ke maye gurbin tambayoyi iri ɗaya ga kowa shi ne ra'ayin mai ɗauka, kuma an san inda wannan ra'ayi ke karkata. Wani bincike da masana a kwalejin Nuffield ta Jami'ar Oxford suka fitar a farkon 2019 ya aika wa masu ɗaukar aiki a Birtaniya takardun nema kimanin 3,200 masu ƙwarewa iri ɗaya, aka bambanta asalin masu neman kawai. Kashi 24 cikin ɗari na fararen fata 'yan ƙasar sun sami kira, sauran ƙabilu kuwa kashi 15, kuma mai asalin Najeriya sai ya aika takardu fiye da na farar fata da kashi 80 cikin ɗari kafin ya sami amsa daidai da tasa. Aikin gwamnatin Birtaniya ya ɗauki tsarin ɓoye sunan mai nema daga idon masu tantancewa bayan sanarwar Firayim Minista David Cameron a 2015. A ƙarƙashin wannan tsari, mai suna Musa ko Hadiza ana auna shi da abin da ya rubuta kafin a ga sunansa. A ƙasar da Musulmi suke kashi 6.5 cikin ɗari na jama'a bisa ƙidayar 2021 amma suke kusan kashi 18 na fursunoni, samun jami'an da suka fito daga cikin waɗannan al'ummomi buƙata ce ta aikin kansa, kuma fom mai tsari ya fi zama abokinsu a kan hira ta son rai.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi a yau fiye da shekaru biyar da suka wuce. Tunda tsarin amsar sananne ne, ana iya koyonsa kamar karatun allo, ana iya biyan wani ya rubuta, kuma manhajoji irin su ChatGPT suna iya ƙera misali mai mataki huɗu cikin daƙiƙu. Me ya rage na darajar gwajin da na'ura ke iya ci? Abu biyu. Na farko, tallace-tallacen aikin gwamnatin ƙasar yanzu suna gargaɗi ƙarara cewa misalan da aka bayar dole su zama na gaskiya daga rayuwar mai nema, kuma wanda aka kama ya gabatar da aikin wani ko na na'ura a matsayin nasa za a iya janye takardarsa. Na biyu, fom ɗin ba shi kaɗai yake tsaye ba. A wurin ganawa za a nemi misalai a bi diddiginsu, a tambayi mutum me ya sa ya zaɓi wannan hanya ya bar waccan, me zai sauya in abin ya sake faruwa. Ba laifi ba ne mutum ya nemi wani ya duba masa kurakuran harshe, ko ya yi amfani da na'ura wajen rage tsawon abin da shi ya rubuta. Iyakar tana wurin ƙirƙirar abin da bai faru ba. Wannan suka, in an bi ta har ƙarshe, tana kira ne a ƙara nauyin gwajin gaba da gaba, ba ta rushe hujjar neman misali na gaskiya ba.

Suka ta uku ita ce wadda na fi yarda da rabinta. Ana cewa matsalar aikin sa ido a Ingila ba ta ingancin masu shiga ba ce, ta yawan aiki ce da gudun ƙwararru. A 2014 ministan shari'a Chris Grayling ya raba hukumar gida biyu, ya miƙa masu ƙarami da matsakaicin haɗari ga kamfanoni 21, tsarin da babbar sufeto Glenys Stacey ta bayyana a 2019 a matsayin wanda ba ya gyaruwa, har aka sake haɗe aikin a hannun gwamnati a Yuni 2021. Rahotannin Killamarsh da Ilford da kansu sun ambaci ƙarancin ma'aikata da nauyin da ya fi ƙarfinsu. Babu fom ɗin da zai gyara wannan, kuma rashin adalci ne a ɗora wa sabon ma'aikaci laifin tsarin da ya ba shi mutane fiye da yadda zai iya bi. Amma abin da wannan ke nunawa shi ne a ƙara kuɗi, a rage nauyi, a riƙe tsofaffin hannu su koyar da sababbi. Ba ya nuna a sassauta tantancewa. Inda masu duba aikin sabon jami'i suka yi ƙaranci, a nan ne aka fi dogara da gaskiyarsa da tsantsenin rubutunsa, domin babu wanda zai kama kuskurensa kafin ya isa kotu.

Wannan magana ta shafe mu a Najeriya kai tsaye. Dokar shari'ar manyan laifuffuka ta Najeriya ta 2015 ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kuma dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, ta kafa mata sashe na musamman mai kula da sa ido, da saki bisa sharaɗi, da hidimar al'umma, da sasanta mai laifi da wanda aka zalunta. A ƙasar da kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, wannan sashe na iya rage cunkoso ƙwarai, amma sai alƙalai sun amince da rahoton jami'ansa za su riƙa tura musu mutane. Fom ɗin ɗaukar ma'aikatan hukumomin da ke sanye da kaki a Najeriya ya fi damuwa da jihar asali, da ƙaramar hukuma, da shekaru, da tsayi, da faɗin ƙirji, kuma sau da yawa mai shagon intanet ne ke cika wa mutum shi. Waɗannan tambayoyi suna da dalilinsu ga mai gadin kurkuku da kuma rabon guraben aiki tsakanin jihohi. Ba sa faɗin komai game da ko mutum zai iya zama da ɓarawon waya da uwarsa da mai unguwa, ya tace abin da kowa ya faɗa, ya rubuta wa majistare shafi biyu da za a iya yanke hukunci a kansu.

Don haka shawarata ga hukumar gyaran hali da hukumar da ke ɗaukar mata ma'aikata ita ce a ware wa sashen da ba na ɗauri ba hanyar tantancewa tasa: tambayoyi iri ɗaya ga kowa da ke neman misali daga rayuwa, a ɓoye suna a zagayen farko bayan an cika ƙa'idar rabon jihohi, sannan gwajin rubutu a zaune a gaban masu sa ido, da Turanci da kuma harshen yankin da mutum zai yi aiki. Ga mai cika fom kuwa, a Manchester yake ko a Kaduna, ya zaɓi abin da ya faru da gaske, ya faɗi rawar da ya taka ba ƙari ba ragi, ya ambaci inda ya gaza da abin da ya koya, ya kuma bayyana tarihinsa kafin a tono shi. In ya ga wannan ya yi masa nauyi a kan labarin kansa, gara ya gane tun yanzu cewa zai fi masa nauyi a ranar da 'yancin wani mutum ko ran wata mata ya rataya a kan abin da zai rubuta.